Wa ke da ikon ɗaure Najeriya da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, shugaban ƙasa ko majalisa?

Tambaya daga wani malamin makaranta a Tudun Wada, Zariya: "Assalamu alaikum Malam. Na ji wani ɗan majalisa na ɓangaren adawa yana cewa shugaban ƙasa ba shi da hurumin sa hannu a yarjejeniya da wata ƙasa sai majalisa ta yarda. Ya ce kuma 'yan ofis ne ke ƙulla komai a Abuja, su ɗora mana basussuka da hukumomi barkatai. Tun rigimar yarjejeniyar Samoa nake jin irin wannan magana. Shin doka tana bayansa, ko siyasa ce kawai?"

Wa'alaikumus salamu, Malam. In ɗan majalisar nan cewa ya yi doka ta hana shugaban ƙasa sa hannu sai majalisa ta yarda, to bai faɗi daidai ba. In kuwa nufinsa ya kamata a ce doka ta hana, domin rashin hanawar ya sha jawo mana asara, a nan ina bayansa. 'Yan siyasa sukan cakuɗa maganganun nan biyu da gangan, saboda "an karya tsarin mulki" ya fi "tsarin mulkinmu na da giɓi" daɗin faɗa a rediyo.

Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 shi kowa ke ambata, amma kaɗan ne suka zauna suka karanta shi. Abin da farkonsa ya ce shi ne, babu yarjejeniyar da ke tsakanin Tarayya da wata ƙasa da za ta yi ƙarfin doka, sai gwargwadon abin da Majalisar Tarayya ta mayar doka daga cikinta. Lura da kyau. Bai faɗi wanda zai je tattaunawa ba, bai faɗi wanda zai sa hannu ba, bai kuma ce a kawo wa majalisa takarda kafin a ɗaure ƙasa ba. Damuwarsa ɗaya ce: ko alƙali a Najeriya zai iya yanke hukunci da ita.

Matakai uku yarjejeniya ke bi. Wakilin ƙasa ya sa hannu, alamar an yarda da rubutun. Sai tabbatarwa, wato ƙasa ta aika da takarda mai hatimi tana cewa ta ɗaure kanta. Sannan a mayar da ita dokar cikin gida. Biyun farko suna hannun ɓangaren zartarwa, gadon da muka ci daga Ingila, inda ƙulla alkawari da ƙasashen waje hurumin sarauta ne tun da can. Na ukun kaɗai tsarin mulki ya ba majalisa.

Ga yadda abin ke tafiya a aikace. Ma'aikatar da lamarin ya shafa, a ce ta kasuwanci ko ta sufuri, ita ke tura daraktocinta zaman tattaunawa, wani lokaci a shekara da shekaru ana kai-komo. Ma'aikatar Harkokin Waje ta duba fuskar hulɗa, Ma'aikatar Shari'a ta duba lafazi. Daga nan minista ya kai takardar neman amincewa gaban Majalisar Zartarwa ta Tarayya, a karanta taƙaitaccen bayani, a amince. A shirya takardar tabbatarwa, shugaban ƙasa ya rattaba hannu, jakada ya kai ta inda ake ajiya. Ka bi wannan fayil tun daga teburin farko har na ƙarshe, ba za ka ga inda doka ta tilasta masa ratsawa ta zauren majalisa ba. Yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka haka ta bi. Buhari ya ƙi sa hannu a taron Kigali a Maris 2018 bayan ƙorafin 'yan ƙwadago da masu masana'antu, ya sa a Yamai a Yulin 2019, Majalisar Zartarwa ta amince da tabbatarwa a Nuwamban 2020. A wannan jinkiri, muryar masu masana'antu ta fi ta sanatoci tasiri.

A kotu ne ƙarfin sashe na 12 ke bayyana. Kotun Ƙoli ta fayyace shi a shekarar 2000, a shari'ar da Gani Fawehinmi ya shigar kan tsare shi da gwamnatin Abacha ta yi a 1996. Gani ya dogara da Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi, kotu kuma ta karɓa, saboda tun 1983 majalisar Jamhuriya ta Biyu ta mayar da ita doka. Alƙalan suka ce tana sama da dokokin majalisa na yau da kullum, tana ƙasa da tsarin mulki, kuma wadda ba a mayar doka ba ba ta da ƙarfi a kotunanmu. Kwatanta ta da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata, wadda Najeriya ta tabbatar tun 1985. Ba ta zama doka ba. Ƙudurin daidaiton jinsi da ya ɗauko wasu sassanta ya faɗi a Majalisar Dattawa a Maris 2016, kan batun gado da aure. In lauya ya miƙe a babbar kotu nan Zariya ya ce "ya mai shari'a, ai Najeriya ta sa hannu", alƙali zai ɗago kai ya tambaye shi suna da shekarar dokar da ta shigo da ita. In babu, iyakarta ta ƙarfafa masa hujja, amma ba a yanke hukunci da ita. Togiya guda ita ce harkar ƙwadago, inda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa damar aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da aka tabbatar, ko da majalisa ba ta taɓa su ba.

To a nan ne mutane ke sakin jiki, su ce tunda majalisa ba ta mayar doka ba, ba ruwanmu. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin mana kuɗi da ƙasa. Sashe na 12 a cikin gida yake aiki, a waje ba a san da shi ba. Kamar gidan gandu ne da babban wa ya je Sabon Gari ya karɓo taki bashi da sunan gida. Ƙanne na iya cewa ba a shawarce su ba, su ma hana a zuba takin a gona, amma ranar biya mai shago ba zai saurari wannan ba, gidan zai biyo. Yarjejeniyar Vienna ta 1969, wadda ita ce ƙa'idar ƙulla yarjejeniyoyi a duniya, ta faɗa ƙarara cewa ƙasa ba za ta fake da dokar gidanta ta ƙi cika alkawari ba, kuma shugaban ƙasa, saboda kujerarsa, wakili ne mai cikakken iko.

Bakassi ta koya mana wannan da zafi. A Yunin 1975 Janar Gowon, ɗan Wusasa kuma tsohon ɗalibin Barewa, ya sa hannu da shugaban Kamaru Ahmadu Ahidjo a garin Marwa kan iyakar ruwa tsakaninmu da Kamaru. Kafin wata biyu aka yi masa juyin mulki. Da magana ta kai Kotun Duniya da ke Hague, lauyoyinmu suka ce Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta taɓa tabbatar da takardar Marwa ba, don haka ba ta ɗaure Najeriya ba. A hukuncin 10 ga Oktoba 2002, wanda ya ba Kamaru yankin Bakassi, kotun ta yi watsi da wannan hujja. Ta ce sa hannun shugaban ƙasa ya wadatar, kuma ba wajibin Kamaru ba ne ta bi diddigin dokokinmu na cikin gida. Gaskiya ne ginshiƙin hukuncin mallakar yankin kansa yarjejeniyar Ingila da Jamus ce ta 1913, amma abin da ya faru da takardar Marwa shi ya shafi tambayarka kai tsaye. Daga baya Obasanjo da Paul Biya suka ƙulla yarjejeniyar Greentree kan miƙa yankin a Amurka a Yunin 2006. A Nuwamban 2007 Majalisar Dattawa ta yanke cewa miƙa yankin ya saɓa wa tsarin mulki tunda ba a kawo mata ba. Ranar 14 ga Agustan 2008, zamanin 'Yar'aduwa, aka kammala miƙawa a Kalaba. Matsayar sanatoci ta zama ihu bayan hari.

Ga na kusa-kusa. A 2001 mun ƙulla yarjejeniyar kare masu zuba jari da ƙasar Sin. Wani kamfanin Sin ya samu saɓani da gwamnatin Jihar Ogun kan yankin kasuwanci na musamman, ya kai Tarayya gaban masu sulhu a Landan da ƙarfin wannan takarda, aka ba shi gaskiya a 2021, kuɗin ya tasam ma dala miliyan 70. A Agustan 2024 labari ya fito cewa kotu a Faransa ta ba da umarnin riƙe jiragen fadar shugaban ƙasa guda uku. Jiha ce ta yi rigima, Tarayya ce ta sa hannu, kuma babu wanda ya tsaya tambayar me sashe na 12 ya ce.

Sashen na da wani reshe da ya shafe mu a Arewa. In abin da yarjejeniya ta ƙunsa ba ya cikin jerin abubuwan da Tarayya kaɗai ke da iko a kansu, majalisa na iya yin doka don aiwatar da ita, amma ba za a kai wa shugaban ƙasa ba sai mafi rinjayen majalisun jihohi sun amince, wato 19 cikin 36. Yarjejeniyar haƙƙin yara da muka tabbatar a 1991 ta ci karo da wannan. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ba ta bi ta jihohi ba, sai ta tsaya a Abuja, kowace jiha ta yi tata lokacin da ta ga dama. Kaduna sai 2018, Kano sai 2023, kuma jihohi da dama sun sake fasalin sassan da suka ga sun taɓa shari'ar Musulunci, musamman shekarun aure. Da an tuna da wannan a lokacin rigimar Samoa, da hankali ya fi kwanciya.

Yarjejeniyar Samoa ta haɗa Tarayyar Turai da ƙasashe 79 na Afirka, Karibiyan da Pasifik. Ta gaji ta Kwatano ta 2000, wadda ita ma ta gaji ta Lome ta 1975. Najeriya ba ta sa hannu a taron Nuwamban 2023 ba, sai 28 ga Yunin 2024 a Brussels. Da labari ya bazu a farkon Yuli cewa an amince da auren jinsi, masallatai da coci-coci suka ɗauka. A zauren Majalisar Wakilai, Aliyu Sani Madaki na Dala, mataimakin shugaban marasa rinjaye a lokacin, ya kawo ƙudurin gaggawa yana neman a dakatar da aiwatarwa har a fayyace sassan da ake shakka a kansu. Wanda duk ya karanta rubutun ya san babu auren jinsi ko luwaɗi a cikinsa. Akwai maganar daidaiton jinsi da haƙƙin lafiyar haihuwa, kalmomi masu faɗi da Turawa ke ba ma'anar da ta zarce tamu, don haka shakkun ba na banza ba ne. Amma dokar hana auren jinsi da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14, tana nan daram, babu yarjejeniyar da za ta goge ta sai majalisa da kanta ta yarda. Gwamnati ta kuma ce ta haɗa da sanarwar cewa duk abin da ya saɓa wa dokokinmu ba zai yi aiki ba. Abin da ya fi damuna a rigimar daban ne. An fara tattauna wannan rubutu tun 2018, aka kammala shi a 2021, yana intanet kowa na iya saukewa, amma wakilanmu sai a jarida suka ji. Gwamnatin da ba ta kai musu ba na da laifi, su ma da suke da kwamitin yarjejeniyoyi sukutum suna da nasu.

Batun "ko siyasa ce kawai" kuwa tsohon zance ne. Yarjejeniyar tsaro tsakanin Najeriya da Ingila, wadda ta ba jiragen sojan Ingila damar ratsa samaniyarmu da sauka a filayenmu, an tsara daftarinta a Landan a 1958, kuma Awolowo na cikin shugabannin da suka sa alamar amincewa a kai, yana Firimiyan Yamma. Da ya zama jagoran adawa a Legas bayan zaɓen 1959, shi ya fi kowa sukar ta, yana cewa Turawa sun ɗaura ta ne a wuyan 'yancin kai, dole ta sa aka karɓa. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa na da rinjaye, majalisa ta amince a Nuwamban 1960. Ɗalibai suka yi zanga-zanga har harabar majalisa, surutu ya ƙi lafawa, a Janairun 1962 aka soke ta. Siyasa ce ƙwarai, Awolowo na neman abin da zai kunyata NPC, jam'iyyar Tafawa Ɓalewa. Sai dai siyasar ta amfani ƙasa. Ko a 2024, da wasu malamai da 'yan gwagwarmaya na Arewa, har da na nan Zariya, suka rubuta wa Tinubu wasiƙa kada a karɓi sansanonin Amurka da Faransa da aka kora daga Sahel, wannan tarihi suka tuna masa. Ka dai sa ido: mai ihun ikon majalisa yau, ranar da jam'iyyarsa ta hau, yakan gano cewa harkar waje na buƙatar sirri da gaggawa.

Sai maganar 'yan ofis. Dokar da ke tsara ƙulla yarjejeniya a Najeriya dokar soja ce ta 1993. Ta raba su gida uku: masu taɓa dokokin ƙasa, su sai an mayar doka, masu ɗora nauyin kuɗi, siyasa ko zamantakewa, su sai an tabbatar, da na musayar al'adu da ilimi, waɗanda ba lallai a tabbatar ba. Ta ce Ma'aikatar Shari'a ta ajiye su duka, ta riƙe rajista. Ba ta faɗi wanda zai tabbatar ba, domin a zamanin sojoji ke yin doka, su ke zartarwa. To wa ke yanke cewa wannan takarda ta gida na biyu ce ko na uku, ko ma a kira ta "takardar fahimtar juna" don ta zille wa duka ukun? Jami'in da fayil ke teburinsa. A nan ɗan adawar ya taɓo gaskiya.

A 2020 kwamitin yarjejeniyoyi na Majalisar Wakilai, ƙarƙashin Nicholas Ossai na PDP, ya tono takardun bashin bankin Exim na Sin, ya ci karo da sharaɗin da Najeriya ta yafe kariyarta ta ƙasa mai 'yanci in aka je gaban masu sulhu. Nan take aka yaɗa cewa an jinginar da ƙasa. Sharaɗin ba baƙo ba ne a bashin kasuwanci, ma'anarsa mai bin bashi zai iya kai ka ƙara, in ya ci ya kama kadararka ta kasuwanci. Amaechi, ministan sufuri, ya roƙi kwamitin ya sassauta kada Sinawa su janye daga bashin layin dogon Ibadan zuwa Kano, wanda zai ratso ta nan. Abin kunyar a wurina shi ne, doka ta riga ta ce ba a cin bashin waje sai da amincewar majalisa. Suka amince da jimillar kuɗi, sharuɗɗan kuwa ba su nemi gani ba sai bayan an kashe kuɗin.

Haka batun hukumomi. Yarjejeniya da yawa in aka mayar da su doka da hukumarsu suke zuwa: NAPTIP a 2003 bayan yarjejeniyar yaƙi da safarar mutane, hukumar masu buƙata ta musamman bayan dokar da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, majalisar sauyin yanayi bayan dokar 2021. Kowace da shugabanta, 'yan hukumar gudanarwa, motoci da hayar ofis a Abuja. Rahoton kwamitin Oronsaye na 2012 kan rage hukumomin gwamnati ya ƙirga hukumomi 541, ya ba da shawarar a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Amma doka ke kafa hukuma, majalisa kuma ke yin doka. 'Yan majalisa, na adawa da na gwamnati, su ne gwanayen kawo ƙudurin sabuwar hukuma ko sabuwar jami'a a mazaɓarsu. Ban kuma yarda a yi wa ma'aikata kuɗin goro ba. Daraktan da ya shekara goma yana bin tattaunawa ɗaya shi kaɗai ya san abin da aka ce a zaman farko. Minista baƙo ne, ɗan majalisa ma sau da yawa zango ɗaya yake yi ya faɗi zaɓe. Illar ita ce doka ba ta tanadi wanda daraktan zai tsaya gabansa ya yi bayani kafin a buga hatimi ba.

Gyaran ba sai an je Amurka ba, inda sai kashi biyu cikin uku na sanatocin da ke zaune sun yarda. Gana na nan kusa. Sashe na 75 na tsarin mulkinsu na 1992 ya ce duk yarjejeniyar da shugaban ƙasa ya ƙulla sai majalisa ta tabbatar, ko dai da doka ko da ƙudurin da fiye da rabin 'yan majalisa suka goya wa baya. Da gwamnatin Mahama ta karɓi 'yan Yaman biyu daga gidan yarin Guantanamo a 2016 ba tare da majalisa ba, Kotun Ƙolinsu ta ce a 2017 an saɓa wa tsarin mulki, ta ba da wata uku a kai majalisa ko a mayar da su. Ita kanta Ingila da muka kwaikwaya, tun 2010 dokarta ta tilasta a ajiye yarjejeniya gaban majalisa kwana 21 na zama kafin a tabbatar. Mu ma muna da misali a gida. Sashe na 5 ya hana tura soja yaƙi waje sai da amincewar Majalisar Dattawa, shi ya sa a Agustan 2023, da ECOWAS ta yi barazanar afka wa Nijar, maganar sanatoci, musamman na Arewa, ta yi nauyi. A wannan sashe an rubuta cewa sai an tambaye su kafin a yi.

Don haka, Malam, in ka haɗu da ɗan majalisar nan, ko wakilinmu na Zariya, Tajuddeen Abbas, da aka zaɓa kakakin Majalisar Wakilai a Yunin 2023, ka tambaye su ina aka kwana kan gyaran dokar 1993. A ajiye rubutun kowace yarjejeniya gaban zaurukan biyu na wasu kwanaki kafin a tabbatar, tare da bayanin kuɗin da za ta ci da hukumar da za ta haifa. A buɗe rajistar Ma'aikatar Shari'a a intanet. Takardar neman bashi ta zo da sharuɗɗanta. Ƙudurin gaggawa da ake buga wa guduma shawara ce kawai, gwamnati na iya yin kunnen uwar shegu da ita, amma doka dole ce. A fahimtata wannan gyara ba ya buƙatar taɓa tsarin mulki. Wahalarsa ita ce shugaban ƙasa ne zai sa hannu a dokar da za ta rage masa iko. In ya ƙi, sai an samu kashi biyu cikin uku a kowane zaure, wato kujeru 240 na wakilai da 73 na dattawa. An taɓa yi a 2000, lokacin da majalisa ta tsallake Obasanjo ta kafa hukumar raya yankin Neja Delta. Adawa ita kaɗai ba ta da wannan adadi, sai ta jawo 'yan jam'iyya mai mulki da yawa su yarda su saɓa wa shugabansu.